Ciyawar Kangon Bayan Gidanmu

Ranar wata Juma'a ce, a daminar da nake aji uku, na shigo gida ina susa, hannayena sun yi rudu-rudu har gwiwar hannu. Inna ta ajiye tsintsiya, ta jujjuya hannun, ta tambaye ni daga ina nake. Na ce gidan su Rifkatu. Su baƙi ne a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, daga Filato suka zo, mamarta nas ce, kuma ranar ta zuba mana gwate mun sha. Inna ta ce, "Me aka sa a cikinsa?"

Abin da ban faɗa ba shi ne, bayan mun sha mun tsallaka kangon da Inna ta hana ni shiga, neman alayyahun girkin wasa. A gindin katanga, inda rana ba ta kaiwa kuma ƙasa ba ta bushewa, akwai wata ciyawa mai kama da shi. Ganyenta mai faɗi ne, bakinsa kamar haƙoran zarto, karanta jaja-jaja mai ruwa, furenta mitsi-mitsi a cure. Sai mutum ya duƙa sosai zai ga siririn gashin da ya rufe ta. Rifkatu ta ce kar in taɓa, na riga na cusa hannu. Ji na yi kamar cinnaka sun taru a kaina.

Maman Rifkatu ta shigo ta duba ni, ta ce, "Maman Hadiza, ciyawa ce, kafin magariba zai kwanta." Inna ba ta ko shimfiɗa mata tabarma ba. Ta juyo ta dube ni, ni kuwa tsoron bulala ya sa na rantse ban taɓa wata ciyawa ba. Kumburin ya kwanta kamar yadda Maman Rifkatu ta ce, amma aka hana ni gidansu, kwanon da suke aikowa kuma a kwata yake ƙarewa. Bayan shekara biyu suka tashi.

Yanzu ina aure a Tarauni, da 'yata mai shekara huɗu. Kangon ya zama shaguna, amma duk damina sai na bi bayan gidana da tsinke ina ɗaga ganye ɗaya-ɗaya, ban yarda da ko wanne ba. Inna ta tsufa, har yau in an ambaci Maman Rifkatu sai ta taɓe baki ta ce "matar nan". Sau da yawa na buɗe baki zan gaya wa Inna gaskiya, sai in tambaye ta ciwon ƙafarta.