Kofin Ruwan da Aka Zuba a Bayana

Ni ne da laifi, kuma gara in faɗa tun daga farko. Da bakina na kusa raba ƙauyenmu da rijiyar burtsatse, bayan mata sun yi shekara da shekaru suna gangarawa fadama da jarka tun kafin rana ta yi zafi.

A lokacin kabu-kabu nake yi tsakanin Bagudo da bakin iyakar Benin. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma zirga-zirga ta sa na tsinci Faransancin da ake cinikin mai da shinkafa da shi. A ƙauyenmu, can gaba da Geza, wannan ya isa a kira mutum tafinta. Ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba.

Wata bazara aka kawo injin haƙa daga tsallaken iyaka. Mai injin wani dattijo ne fari, mai tumbi da gashin gira kamar tsintsiya. Kowa na ce masa Kwara, don a Labanan aka haife shi. Ya sha gaya mini cewa shi ba Balarabe ba ne, kakanninsa mutanen wata ƙasa ce mai duwatsu da ake kira Armeniya. Nakan gyaɗa kai, in juya in gaya wa jama'a ya ce yana gaishe su. Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba, sai aka haɗa shi da ni. Ina kiransa Baba.

Yana da wata ɗabi'a wajen aiki. Duk lokacin da injin ya tofo ƙasa, sai ya durƙusa ya damƙi kaɗan, ya murza, ya kai hanci, ya ce "cur, cur" ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin akuya. Mutane suka tambaye ni me yake cewa. Ban sani ba, kuma tafinta ba ya cewa bai sani ba. Na ce musu maganar aiki ce, ta fi ƙarfin wanda bai yi boko ba.

Ana cikin mako na biyu wani ƙarfe ya karye. Baba ya aike ni Bagudo wurin wani Inyamuri mai sayar da kayan gyara. Na hau mashin, na tayar, ban yi taku goma ba na ji wani abu ya fantsama a bayana. Na waiwaya, na ga Baba tsaye da kofin silba, ya sheƙa ruwa a kan sawun tayata, yana murmushi. Matan da ke kallon aiki suka rufe baki da mayafi suna dariya. A wurinmu baƙon da aka gaji da shi ake yi wa irin wannan, a share ko a watsa ruwa bayan fitarsa don kada ya sake dawowa. Kuma ruwan nan daga fadama aka ɗauko shi a ka.

Kafin in kai Bagudo tayar baya ta fashe, na tura mashin cikin rana har tafin ƙafata ya yi bororo. Tayar nan ta suɗe tun bara, kowa ya sani, har da ni. Amma ina turawa ina haɗa lissafi, kuma kafin in iso gida na gama yanke hukunci.

Bayan la'asar, a gindin darbejiyar ƙofar maigari, na ba da labari. Da na tsaya a kan abin da ya faru, da an yi dariya an watse. Sai na ga an yi tsit ana saurarona, abin da ban taɓa samu ba ko ranar aurena. Na ƙara gishiri. Na ce kalmar nan da yake maimaitawa sunan aljanin ruwa ne, yana kiransa ya zo ya zauna a rijiyar. Wani ya ce ina na sani.

"Shi da bakinai ya gaya man," in ji ni. "Da Faransanci. Ko akwai wanda ka ji cikinku?"

Babu mai ji. Washegari maigari ya ce a dakatar da aiki, kuma ni aka sa in gaya wa Baba. Na ce masa jama'a sun canza shawara. Ya tambayi dalili har sau uku, na ce haka mutanen ƙauye suke. Ya daɗe yana kallon ramin, ya ce ƙasar ta fara danshi, kwana biyu ya rage. Wannan ban fassara wa kowa ba.

Kwana huɗu injin na tsaye, ni kuma ina yawo kamar wanda ya kashe zaki. Mutum ɗaya ce ba ta gaishe ni da ƙoƙari ba, ita ce gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda wuyanta ya kumbura don ɗaukar ruwa. Ta same ni ina alwala da ruwan da ta ɗebo.

"Malamin aljannu, a rage zubarwa," ta ce. "Wanga ruwa ba aljani ya kawo shi ba, ni ce."

"Gwaggo, ceton ku na yi."

"Kai da ba ka iya raba alif da sanda ba, yaushe aljanin Turawa ya ba ka sunanai? In rijiya ta tafi, jarka biyu na aje maka. Ka saba turin mashin, ai ba za ta yi maka nauyi ba."

A rana ta biyar aka fara ɗora bututu a mota, ana ɗaure su da sarƙa. Baba ya ce in riga su zuwa iyaka in sanar da masu duba takardu. Na hau mashin, sai na hango shi yana cika kofin nan daga randa. Na kashe mashin, na sauko, na tambaye shi da Faransancina mai ɗingishi me na yi masa da yake korata da ruwa.

Ya dubi kofin, ya dube ni. Ya ce haka uwarsa take yi masa duk ranar da zai yi tafiya, tun yana ɗan makaranta. A wurinsu wanda ake so ya dawo ake zuba wa ruwa a baya, don hanya ta yi masa sauƙi yadda ruwa ke samun hanyarsa. Ya ce kafin ni, rabon da ya yi wa wani tun da ɗansa ya tafi karatu.

Na tambayi ma'anar kalmar da yake faɗa wa ƙasa. Ya yi dariya har tumbinsa na motsi. Ruwa ke nan da harshensu, ba wani abu ba. Su da suka tashi a Labanan suna cewa cur, mutanen can gida suna cewa jur, rubutun kuma ɗaya ne. Da ya ga ya samu mai tambaya, sai ya zauna a kan bututu ya buɗe mini aji. Ya ce in suna nufin wani ruwa sananne sukan liƙa wa kalmar ɗan wutsiya a ƙarshe, na ce mu ma haka muke, ruwa ya koma ruwan. Ya ce rijiya a wurinsu ramin ruwa ce, kalma biyu aka haɗe, ya faɗe ta, na gwada sau biyu harshena ya ƙi. Har ya ce masana na ganin kalmar tsohuwa ce ƙwarai, 'yar'uwar wadda wasu mutanen arewacin Turai ke kiran teku da ita. Yana ta bayani da jin daɗi, ni kuwa ina jin ƙarar sarƙa ana ja. Mutumin nan bai san ni ne na kore shi ba.

Na yi tunanin in je wurin maigari a ɓoye in ce an samu rashin fahimta. Amma na riga na ce da bakinsa ya gaya mini, kuma babu abin da zai goge wannan sai in ce ƙarya na yi. Na roƙi Baba ya biyo ni gindin darbejiya.

"Ranka ya daɗe, ba ya da aljani," na ce wa maigari. "Ruwa yaka kira da yarensu. Ni na ƙaga sauran, don an yi man dariya kuma tayata ta fashe."

Gwaggo daga bayan zana ta ce a tambaye ni ko tayar ma aljani ya suɗe ta. Maigari bai yi dariya ba. Ya aika a ce wa direba ya kwance sarƙa, a sauke bututu. Sannan da haɓa ya nuna Baba, wanda ke tsaye yana murmushi don bai ji komai ba.

"To, tafinta. Mun ji namu. Saura nashi, kuma ba mu da wani mai fassara sai kai."

Nan ma sai da shaiɗan ya raɗa mini cewa ko me na faɗa babu mai kama ni. Na cire hula, na durƙusa a gaban Baba, na tattaro ɗan Faransancin da nake da shi.

"Baba, jama'a ba su canza shawara ba. Ni na ce musu kai matsafi ne, na ce kai ka gaya mini. Ka yi mini abin da uwarka take yi maka, ni kuma na ɓata maka suna a garin da ka zo samar wa ruwa. Ƙarya na yi. Ka yafe mini."