Kawu Haske da Kabewar Matarsa

Masu zuwa ɗaukar hoto ne suka laƙaba masa Kawu Haske. Ko ango ne ya shigo da sabuwar riga, ko mai neman hoton fasfo da ke sauri, sai ya tsayar da shi ya ce, "Dakata, hasken bai zauna ba." Ya ja labule, ya matsar da fitila, ya sake leƙawa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani, kuma a cikinsa ya tsufa. Ya fara sana'ar tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu, har faratansa suka rine. Da kwamfuta ta zo, abokan aikinsa da yawa suka rufe shaguna. Shi kuwa ya sayi tabarau ya zauna koyo a wurin 'yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci.

Matarsa ba ta son hoto. Da ta ga ya ɗaga kyamara sai ta kare fuska da farin mayafinta ta ce, "Malam, je ka ɗauki masu kyau." Ita shuka ce abin sonta. Tsofaffin bokitai da gwangwanaye duk ta cika su da ƙasa ta jera a tsakar gida.

Shekarar da ciwo ya kama ta, ta shuka kabewa a gindin katanga. Wata safiya tana zaune a kan kujera tana kallonta, ta ce, "Ni dai ban taɓa kama ta tana tafiya ba. Kullum sai in tashi in tarar ta ƙara gaba."

"Zan kama miki ita," in ji shi.

Ya ɗauko tsohuwar kyamara ya kafe ta a tagar ɗaki, ya jona mata wuta, ya saita ta ta riƙa ɗauka da kanta jefi-jefi daga safe zuwa yamma. Idan aka jera hotunan suka gudana da sauri, sai su zama bidiyo, a ga aikin watanni cikin ɗan lokaci. Kabewar ba ta kai kan katanga ba Allah Ya yi wa matar rasuwa. Kyamarar ta ci gaba da ɗauka har katin ajiyar hotunanta ya cika, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa ta.

Sai da aka daɗe ya kai katin shago. Da suka jera hotunan shi da Uwata, abin bai kallu ba. Hasken sai ƙiftawa yake kamar ƙwan lantarkin da ya kusa mutuwa, wannan hoto ya yi fau, na bayansa ya dushe. Hankalinsa na wurin jinya ranar da ya kafa kyamarar, bai kulle ma'aunin haske ba, ya bar ta tana zaɓa da kanta. Gajimare ya gifta ta buɗe ido, rana ta fito ta runtse.

Uwata ta sa manhajar da ke daidaita irin wannan, wadda ke auna kowane hoto da maƙwabtansa ta rage wa mai yawa ta ƙara wa mai kaɗan. Yawancinsu suka kwanta. Amma akwai wasu da suka yi duhu sosai, a warwatse cikin jerin, suka ƙi gyaruwa.

"Baba, waɗannan cire su za mu yi," ta ce. "Ba wanda zai lura."

"Buɗe min ɗaya tukuna."

Ta buɗe. Farin mayafi ne ya cika gefen hoton. Matarsa ce ta sunkuya da buta tana ba kabewar ruwa. Kyamarar ta ga fari ya yi yawa, ta zaci rana ce, ta rage haske. Suka buɗe na gaba, ita ce. Na gaba ma ita ce, wannan karon ta dafa katanga. Uwata ta tashi ta fita bakin shago, ta daɗe ba ta dawo ba.

Bai cire ko ɗaya ba. Kowace safiya, kafin idonsa ya gaji, yakan zaɓi wani bulo a jikin katangar, ya duba haskensa a hoton da ya gabata da wanda ya biyo baya, sannan ya ɗaga na tsakiyar a hankali har su zo daidai. Idan ya ɗaga da yawa mayafin ya ƙone ya zama farin fili, sai ya koma baya ya gyara shi daban. Mai gyaran agogo ya leƙo wata rana ya ce, "Ni ina gyaran lokacin da ke tafiya, kai kana gyaran wanda ya wuce. Wa ya fi wani wahala?" Kawu ya yi murmushi bai ɗago ba.

Da ya gama, ya tara 'ya'ya da jikoki a falo bayan la'asar. Kabewar ta taso daga gindin katanga, ta miƙa hannuwa tana lalube, ta kama katanga ta hau. Hasken ya tafi sumul, ba ƙiftawa. Matar tana bayyana tana ɓacewa, shi ya sa ya rage gudun wuraren don a gan ta sosai. Can wajen tsakiya ta fara zuwa da sanda. Daga baya kujera kawai ake gani. Sai wani ya bayyana da butar, mai furfura, ya juya baya.

"Baba, ashe kai ka ci gaba da ba ta ruwa?" in ji Uwata.

"To wa zai ba ta?"

Da bidiyon ya ƙare, wani surukinsa ya ɗaga hannu aka yi wa marigayiyar addu'a.

Bayan wannan aikin idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi daɗewa gaban kwamfuta. Uwata ce ke riƙe da shagon yanzu, har magina na kawo mata hotunan gine-ginensu ta jera musu. Shi kuwa yana zuwa da hantsi, ya zauna a benci tare da mai gyaran agogo suna gaisawa da masu wucewa, in azahar ta yi ya tafi gida.