Maƙerin da aka hana yaƙi

Ranar Talata, tara ga Afrilu, maƙerin kamfanin wasan talabijin ya fara haɗuwa da sabuwar marubuciya a ɗakin ajiyar kaya, yana goga wa takubba mai. Tun kafuwar wasan shi ke ƙera makaman dakarun sarauniya, wadda dodannin teku suka tare wa mashigin ruwa. Shi ne kuma ke fitowa a sarkin yaƙi. An daɗe da yi masa alkawarin zai mutu a fagen fama a kashi na ƙarshe, har ya nuna wa jikokinsa yadda zai faɗi.

"Baba, a mayar da su kube," in ji ta. "Babu yaƙi. Sarauniya gishiri za ta kai wa dodanni, su buɗe mata hanya. Sikeli nake so."

"Dodo za ki saya da gishiri? Ke yarinya, kin taɓa yanka ko kaza?"

"Kai ma kwano ka yanka, Baba."

Daga ranar bai sake amsa gaisuwarta ba. Ya narka takubba biyu ya ƙera sikelin, ya ƙara wa hannu ɗaya nauyi da gangan, don ta ji kunya a gaban kowa.

Ranar ɗaukar wasan aka zuba gishirin sarauniya a gefe guda na sikelin, lu'ulu'un dodanni a ɗayan. Ana ta ƙara gishiri, sikeli ya ƙi daidaita. Darakta ya ɗaga hannu zai tsayar.

"Bar shi," in ji marubuciya, idonta a kan maƙeri. Ta juya ga mai fitowa a sarauniya. "Kin ga sikelinsu na cuta ne. Ki nuna kin gani, ki ƙara musu buhu, ki karɓi hanyarki."

Haka aka ɗauka. Sarkin yaƙi kuwa aka tsayar da shi bayan sarauniya, riƙe da bakin buhu.

"Allah ya isa," ya ce da aka kashe fitilu.

"Sannu da aiki, Baba," in ji marubuciya.

Ya ajiye aiki a ƙarshen watan. Yanzu ƙofofin ƙarfe yake haɗawa a bakin titi. Ya hana a kunna wasan a gidansa, jikokin suna zuwa maƙwabta su kalla.