Inna Gishiri, Wadda Ta Ƙi Tona Yashi

Ƙarfe bakwai saura na safe Inna Gishiri ke shigowa asibitin ƙodar da nake aiki, kafin ni mai ba da kati in buɗe tagata. Ba ta gaida kowa sai ta je gaban tankin gilashin da ke tsakiyar zauren wankin ƙoda ta ƙirga 'ya'yanta da ido. Daga nan ta ɗebi ruwa ta auna gishirinsa, ta duba zafinsa, ta goge gilashi, sannan ta juyo ta ce, "To, ina kwananku." Shekara ashirin da biyu ke nan haka take yi. Sunan ma daga hannunta ya fito, don ko yaushe ka ga farin gishiri ya bushe mata har gwiwar hannu.

Ruwan teku ne a tankin, da murjani mai rai, da wasu ƙananan kifaye masu launi da ake kira ras. Marasa lafiyarmu awa huɗu suke yi a kujera injin na tace musu jini, sau uku a mako, ba abin da ke gabansu sai wannan gilashin. Wanda bai taɓa zama a kujerar nan ba zai ce ado ne kawai.

Inna ba ta yi dogon karatu ba, amma ta san halin ras kamar ita ta haife su. Akwai Wanzami, mai bin sauran kifaye yana tsince musu ƙwari a jiki. Akwai Ɗan Kwalisa, mai baza fukafukinsa don a kalle shi, wanda saboda tsallensa ba a barin tankin a buɗe. Ta sha gaya mini cewa ba kyau ake dubawa ba wajen haɗa su, hali ake dubawa. Ba a haɗa maza biyu iri ɗaya. Sabon kifi sai ya yi kwanaki cikin wani ɗan akwati mai huji da take ratayawa a cikin tankin, ya ga 'yan gida su gan shi, kafin a sake shi. Babbar dokarta kuwa, ko a mafarki zan iya karanta ta: mai kunya shi ke fara shiga, mafaɗaci sai a ƙarshe, in ma zai shiga.

Ina rubuta wannan ne raina a ɓace, kuma ba zan ɓoye ba. Jiya aka yi mata sallamar ritaya, aka miƙa mata agogon bango, aka tafa. Abin da aka yi mata wata uku da suka wuce kuwa, duk wanda ya hau magana ya tsallake shi. To ni zan faɗa.

Ta samo wata 'yar ras mai ɗigo-ɗigo, ta sa mata suna Damisa. Sunan ne kawai na tsoro, don irinta ta fi kowa kunya, da ta firgita sai ta nutse cikin yashin ƙasan tanki. Kwananta uku cikin ɗan akwatin sai sabon manajanmu ya zo wucewa. Baƙi ne za su zo duba asibiti ranar Asabar, ya ce akwatin ya ɓata tsarin wuri. Kuma wai ya ga wani kifi mai layi shida a jiki, ya yi masa kyau, ya sayo.

Ina wurin ta ce masa, "Yallabai, wannan kyansa a ido ne. Ɗan ƙarami ne amma ba ya barin kowa ya sha ruwa. In ya shiga yanzu, Damisa ba za ta zauna ba."

"Inna, kifi ai kifi ne," in ji shi, yana danna waya. "Duk ruwa ɗaya suke sha."

Ranar Asabar tana hutu. Mutumin nan ya sa aka cire akwatin, aka saki Damisa, aka juye Mai Layi Shida a kai. Baƙi suka zo suka yaba, aka ɗauki hoto. Lahadi da safe Inna ta zo ba su abinci ta tarar fukafukin Ɗan Kwalisa a yayyage, Damisa kuwa babu ita babu dalilinta.

Litinin manaja ya tsaya gaban tanki ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Maimakon ya tambaya, sai ya ce ai kifin nan mai tsada ne, kuma ita kaɗai ta buɗe murfi ranar Lahadi. A gaban marasa lafiya goma sha biyu ya kira maigadi ya zazzage jakarta a kan teburina. Carbi, maganin hawan jini, tsumman goge gilashi, da hoton jikarta. Shi kansa maigadin kansa a sunkuye yake. Ni kuwa na yi shiru, kuma har yau shirun nan na cin raina.

"Tana cikin yashi," in ji Inna. 

"To tono ta mu gani."

"Ba zan tona ba, Yallabai."

"Kin ga? Don kin san babu komai a ciki."

"Ta ɓuya ne don an kore ta. In na sa hannu na tono ta, tsoron ya zama biyu, ba za ta ƙara cin abinci ba, ko in yanke ta da tsakuwa garin lalube. Ka bar ta ta fito da kanta."

Na ja ta gefe na ce, "Inna, don girman Allah ki tona. Minti biyar ne ki wanke kanki. Kifi ne fa." Ta dube ni irin duban da uwa ke yi wa 'yar da ta yi ɓaranɓarama, ta ce, "'Yar nan, in tono gawa in nuna masa, sai a ce na wanke kaina?"

Aka rubuta mata takardar dakatarwa. Abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta kama Mai Layi Shida tukuna, in ba haka ba Damisa ba za ta taɓa fitowa ba. Da yake ba wanda ya iya, aka bari. Kwana uku ta yi tana ɗana masa tarko da yankakkiyar gorar roba da ɗan abinci a ciki, ga takardar zargin sata a jakarta, har ya shiga ta mayar da shi shagon da aka sayo shi. Daga nan kullum sai ta zo a matsayin baƙuwa, ta zauna a bencin masu jinya, tana nuna mini da hannu yawan abincin da zan zuba. Masu shara suna tsegumi, wasu da ta sha yi wa alheri suka koma gaishe ta daga nesa. 'Yarta ta kira ni tana kuka, wai magana ta kai har unguwarsu.

Inna, ke ce aka kira ɓarauniya a ɗakin da kika fi kowa daɗewa a cikinsa. Ke ce wankin sunanki ke kwance ƙarƙashin yashin da bai kai tsawon yatsa ba, hannunki na iya kaiwa, kika naɗe shi a cinya. Uwar marasa baki, ban san inda kika samo wannan zuciyar ba, don ni da tuni na kife tankin a kan teburinsa.

Rana ta goma sha ɗaya da ɓacewar Damisa, wajen ƙarfe tara, wani tsohon tela da kujerarsa ke daf da gilashi ya ɗaga hannunsa mara allura ya ce, "Inna, zo ki ga baƙuwarki." Yashi ya motsa a gindin wani dutse, kai ya leƙo, sai ga Damisa ta fito tana kakkaɓe jiki, ta rame amma da ranta. Inna ta taso daga benci. Ta miƙo mini hannu na ba ta abincin kifi, ta zuba kaɗan, ta tsaya har sai da ta ga Damisa ta ci, sannan ta koma benci ta rufe fuska da mayafi.

Telan ne ya sa aka kira manaja. Ya zo ya leƙa, ya ce, "To, madalla, an samu." Shi ke nan. Ya janye takarda, ya koma ofis. Haƙurin da ya kamata ya bayar a gaban mutanen da ya tozarta ta a gabansu, har jiyan nan da yake miƙa mata agogo yana murmushi bai fito daga bakinsa ba. Wai har yana cewa asibiti ba zai manta da amanarta ba. Amanar da ka zazzage a kan tebur?

To Inna, ni na ba ki haƙuri, a madadin bakina da ya mutu ranar nan. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu riƙe da wurare, in wanda ya yi shekara ashirin yana abu ya ce muku kada a yi, ku ajiye wayar ku saurare shi. Mu da ke tsaye a gefe, mu buɗe baki tun jakar ba ta kai ga tebur ba.

Yau da safe na buɗe tagata, ba kowa a gaban tanki. Na je na tarar ta manna wata 'yar takarda a jikin murfin, da rubutunta mai karkacewa: "In ba ku ga Damisa ba, ba a sace ta ba. Ku duba wanda ya kore ta. Kada ku tona."