Inna Laure da Rozmarin da Ruwa Ya Kashe

Kafin ta ɗora koko, Inna Laure ta unguwar Badariya takan tsuguna gaban wani tsohon tulu, ta cusa yatsa cikin ƙasarsa. In ta ji danshi, ko ɗigo ba ta zubawa. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana rainon rozmari, tsiron nan mai siraran ganye da ƙamshi, wanda kowa ya rantse zafin Birnin Kebbi ba zai bar shi ba. Da bazara ta ja shi inuwar darbejiya, da damina ta kai shi ƙarƙashin rumfa. Mata da yawa sun karɓi reshe sun dasa, ya mutu a hannunsu. Nata kaɗai ya tsaya a unguwar, kuma daga gare shi Balaraba mai gashin kifi ke samun ganyen da ya sa ake layi a teburinta. Laure ba ta taɓa hana kowa ba.

Bara ta tafi Argungu zaman jegon 'yarta, ta bar wa maigidanta Malam Dikko amanar tulun. Shi kuwa manomin shinkafa ne, a wurinsa ƙaunar shuka ita ce ruwa. Kwana arba'in bawan Allah yana kwarara masa bokiti safe da yamma, har da toshe hudar gindin tulun don kada ruwa ya zube!

Ranar da ta dawo muna tsakar gidan. Ganye ya yi baƙi, saiwa ta ruɓe tana wari. Balaraba ta dafe ƙirji tana salati, ni kaina bakina ya kasa rufuwa.

"Malam, mi kay yi mai?" in ji Laure.

"Ruwa nib ba shi, awa shinkahwa. Ina laihina?"

Mun zaci gidan zai kama da wuta. Sai ta ɗauko wuƙa ta datse kan rassa uku da suka rage da ɗan kore, ta soka su a yashi. Biyu suka bushe. Na ukun ya yi saiwa bayan mako shida, ɗan mitsitsi, bai fi yatsa ba.

Abin da ya fi girgiza mu yana gaba. Jikan da aka haifa mata ya kwanta rashin lafiya, dole ta koma Argungu. Balaraba ta ce a ba ta ajiyar tsiron. Laure ta ɗauke shi ta miƙa wa Malam Dikko.

"Inna, shi hwa yak kashe na hwarko!" in ji Balaraba.

"Shi ɗai yag ga yadda ruwa ka kashe shi. Ku ba ku gani ba."

Wallahi tsoro ya kama ni. Amma yau rozmarin ya kai gwiwa, kuma Malam Dikko ne ke tare ƙofa yana hana mata zuba masa ruwa.

Ke ce, Inna Laure, mai hannun albarka. Kin yi asarar aikin shekara goma sha ɗaya ba ki tozarta kowa ba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Mu kuma masu ɗan sani a hannu, mu koyar da shi kamar yadda ta yi, har ga wanda ya taɓa ɓata mana.