Baƙon da Ya Ƙirga Takunsa

Kakata Inna Yalwa bandar kifi take yi a bayan kasuwar Zuba, don haka mu da hayaƙi muka sha tatsuniyarmu. Da an idar da magariba za ta hura wuta a ƙarƙashin rabin duro, ta jera tarwaɗa a kan raga, mu jikoki mu kewaye ta idanunmu na zubar da ruwa. Ni take ce wa angonta malalaci, don ban taɓa ɗauko mata itace ba sai ta yi magana sau uku. 'Yar tsibiri ce daga can kogin Kwara. Aure ne ya kawo ta tudu, kuma har ta rasu ba ta saba da tudu ba.

Ba ta buɗe tatsuniya kamar kowa. Cewa take, "Ga ta nan, mai gyangyaɗi ya tashi ya ba mu wuri."

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta baƙon tsibiri. Wai mutanen wani tsibiri suna da al'ada: duk baƙon da kwalekwale ya sauke, ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya ci ya ƙoshi. In ya wanke hannu, dattijon gari ya zaga da shi, a nuna masa gonaki da makabarta, don ya san ba a ɓoye masa komai ba. Wata rana wani mai farar riga ya zo. Ya sayi tabarma ko tayi bai yi ba, ya ci tuwo da miyar kifi yana ta santi. Da aka fita zagaye sai aka ga leɓensa na motsi, mutane suka ce bawan Allah tasbihi yake yi. Ashe takunsa yake ƙirgawa. Damina na wucewa ya dawo da takarda, ya ce duk inda ƙafarsa ta taka an ba shi.

A nan Inna take zungurar wuta da ƙarfi har tartsatsi ya tashi. Ran nan na ce, "To Inna, su daina ba baƙo abinci mana."

Ta harare ni. "Ji sakarcin angona. Laifin mai tuwo ne? Ka tambaye ni wa ya tuƙo shi zuwa tsibirin."

Na tambaya. Ta ce kifinta zai ƙone.

Shekara talatin ta wuce. Yanzu ina aiki a wani ofishi a cikin Abuja. Bara ogana ya leƙo ya ce, "Nasiru, weekend ɗin nan za mu je wani ɗan tsibiri a kan dam. Shopping ne kawai da fresh fish. Kai ka iya magana da mutanen ƙauye, kai za ka shige mana gaba."

Na ji daɗi, kuma har yau ina jin haushin wannan daɗin da na ji. Ni na nemo mai kwalekwale, ni na fara yin sallama. Gari ne na masunta, gidajen ba su fi a ƙirga da ido ba. Mai unguwarsu, Baba Audu, ya hana mu yin bayani, ya ce sai mun ci. Muka ci tuwon masara da miyar ragon ruwa, muka sayi busasshen kifi da zuma da tabarmi. Sannan Baba ya ɗauki sandarsa ya ce mu zo mu ga gari. Na tuna tatsuniyar Inna, amma na bi.

A cikinmu akwai wani abokin oga da ake ce wa Injiniya. Duk kwanar da muka kai sai ya tsaya ya danna waya. Na ce, "Injiniya, lafiya?" Ya ce, "Steps nake counting, likita ya ce in riƙa tafiya." Wato takunsa yake ƙirgawa. Wallahi a lokacin har ƙaurin bandar Inna na ji a hancina. Amma ƙarin girma nake jira a ofis, sai na yi dariya tare da kowa. Da oga ya ce in tambayi Baba ko suna da takardar fili, na tambaya da ladabina. Baba ya nuna wani tudun ƙasa da sanda ya ce, "Takardar me, ɗana? Ga kabarin ubana nan."

Bayan wata huɗu fayil ya iso tebur ɗina. Taswirar tsibirin ce, an zana otal da shaguna da gidan abinci, ga hanyar shan iska ta ratsa ta kan makabarta. An rubuta cewa an gana da mazauna sun amince su tashi, kuma ni ne shaida. Sa hannuna kawai ake jira.

Na shiga ofishin oga ba sallama na ce ƙarya ce, ba zan sa ba. Bai ko ɗaga murya ba. Bayan mako biyu aka mayar da ni tsaron sito a Idu, wani ya sa hannu a madadina.

Na koma tsibirin ni kaɗai. Ina sauka na ce, "Baba, magana ce mai nauyi." Ya ce, "Ci tukuna. Ba ma jin baƙo da yunwa." Haka na zauna na tura tuwon nan. Da na gama faɗa masa komai sai ya ce, "Da su kaɗai suka zo, da iyakarsu bakin kasuwa. Don mun ji bakinka irin namu ne muka kai su har wajen kaburbura."

Mutanen tsibirin suna kotu yanzu, kuma na ba da sunana zan faɗi abin da na gani. Ban sani ba ko zai yi amfani. Ina jin haushin oga, ina jin haushin Injiniya, amma su ba su taɓa zama gaban duron Inna Yalwa hayaƙi na cin idonsu ba. Ni na zauna, na ji tatsuniyar nan ya fi sau ashirin. Da ina yaro na ɗauka rowa ce ta hana Inna faɗa mini wanda ya tuƙo baƙon. Yanzu na san shi, ni nake wanke masa fuska kullum da asuba.