Tapin da Maigidana Ya Rataye

Shekaru sun share mini abubuwa da yawa, har da fuskokin wasu da muka yi zaman maƙwabtaka, amma ranar da muka sauko da tapin maigidana daga jikin azara ba za ta fita raina ba har in bi shi inda ya tafi. Allah Ya jiƙansa. Kada wani ya ce ina cin naman mamaci. Tun yana da rai nake yi masa dariya a kan wannan abu, kuma ya sani.

Tapin nan babbar darduma ce ta shimfiɗa a ɗaki, ja, mai zanen furanni ruwan zuma a gefe, kaurinta har yatsa yana nutsewa. Daga ci-rani ya zo da shi, bayan ya yi shekaru yana ɗaukar bulo a ƙasar Larabawa. Mazan garinmu Buza da suka tafi tare, wani ya dawo da moto, wani da keken ɗinki, wani da injin niƙa. Nawa ya dawo da ciwon baya da tapi. Ranar da ya iso aka shimfiɗa shi a tsakar gida, mutane suka kewaye shi kamar an haƙa sabuwar rijiya. Ba wanda ya taka. Liman ma da ya zo sa albarka, a kan tsohuwar tabarmarmu ya zauna, ya miƙa hannu daga nesa.

Kafin magariba an naɗe shi, kuma daga ranar na san an yi mini sabon babba a gida.

Gaskiya guda, maigidana ya iya adana kaya. Ya ce rana tana cin launi, ƙasa tana kawo gara, damshi yana kawo wari, asu yana cin gashi, kusu kuma ba ya jin kunyar kowa. Sai ya watsa ƙwayoyin kafur a ciki, ya naɗe shi da tsohon zanena, ya sa leda a bisa, ya rataye shi da igiya a tsakiyar ɗaki, nesa da bango, don gara da bango take hawa. Igiyar ma sai da ya huda murfin gwangwani ya zura mata, yadda in kusu ya biyo ta zai zame ya faɗo. Duk ƙarshen damina yakan rufe ƙofa, ya sauko da shi, ya kakkaɓe shi a inuwa, ta baya, da sanda mai laushi, ya sake kafur, ya mayar. Ni da na haifa masa 'ya'ya ban taɓa samun irin wannan kulawa ba, ko da yake ni ma ba a taɓa rataye ni ba, sai in gode Allah.

In na ce a shimfiɗa, amsarsa guda ce: "Sai babbar rana."

Auren ɗiyarmu ya zo, ya ce mata za su shigo da lalle a ƙafa. Aka yi sunan jikanmu na fari, ya ce jariri ba ya sallama kafin ya yi fitsari. Sallar layya, ya ce maiƙon nama. Wansa ya dawo daga Makka, gida ya cika da baƙi, na ce to yau kam ai sai a yi. Ya dube ni ya ce dabino yana da danƙo. Har na fara tunanin ko shugaban ƙasa yake jira, sai na tuna shi ma da takalmi yake yawo.

Haka muka tsufa, mu a kan tabarma, tapi a sama yana kallonmu.

Sai ciwon bayan nan da ya zo da shi ya tashi neman haƙƙinsa. Lokacin ɗari ne. Ƙafafunsa suka yi nauyi, tashi ya gagara sai an kama shi. Muka kai shi likita a Madawa. Lokotoron da ya duba shi bai ɓoye mini komai ba, ya ce a mai da shi gida a kula da shi, a kuma raba shi da gadon ƙarfen nan da ya lotse a tsakiya. A kwantar da shi a wuri shimfiɗaɗɗe, amma kada sanyin ƙasa ya taɓa shi. Na shimfiɗa tabarma a kan siminti, na ninka bargon da muke da shi. Sanyi ya ratsa su kamar ba su nan. Yana kwance yana nishi, ƙasusuwansa suna gugar ƙasa, kuma daidai saitin kansa, abin da zai raba shi da wannan wahala yana rataye cikin leda.

Na ce, "Malam, a sauko da tapin nan ka kwanta."

Ya ce, "Ke, mara lahiya zubda abu yake. Kunu, magani, da abin da ba a hwaɗi."

"To in ka zubda, na wa za ka ɓata?"

Ya juya fuska bango. Na san lokotoro bai ba mu dogon lokaci ba, kuma abin da nake so bai wuce guda ba: mutumin nan ya kwanta a kan abin da ya karya bayansa ya saya, ko da na ɗan lokaci ne, kafin a ɗauke shi. Roƙo bai yi ba, fushi bai yi ba. Sai na aika garin Babankatami a kira mini yayarsa.

Ita ce ta goya shi yana yaro, kuma ita kaɗai ce mahalukin da yake tsoro. Tsohuwa ce ƙarama, ba ta da haƙori ko guda, amma goro ba ya barin bakinta, sai an daka mata. Ta iso da hantsi a motar 'yan kasuwa. Ta shiga ɗaki, ta dubi ƙanenta a ƙasa, ta ɗaga kai ta dubi abin da ke rataye. Ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Auta, wanga abu da ke bisa kanka, surukarka ta? Na ga kana kunyar taɓa ta."

Ya ce, "Yaya, tapi na."

"Na sani. Tun ina da haƙora nike jin labarinai. Haƙoran sun tahi, ban gan shi ba. Mi kake jira?"

"Babbar rana."

Ta gyara zama a bakin tabarmar, ta ce, "To kwantar da hankalinka, tana nan tahe. Ranar da anka ɗauke ka, waɗanda ko ruwa ba su taɓa ba ka ba, su za su zauna bisa shi su sha shayi, su miƙe ƙahwa, kai kana can bisa ƙasa tsura. Ka yi musu tanadi mai kyau, Auta. Allah Shi biya ka."

A wurinmu ba a yi wa mara lafiya irin wannan magana, ko an san abin da ake ciki. Na zura mata ido, ita kuwa ta ci gaba da tauna goronta kamar yanayin gari ta faɗa. Maigidana ya daɗe yana kallon sama. Can ya ce, "A sauko da shi. Amma da sharaɗi."

Ai da ma na san ba za a rasa ba. A share simintin sau biyu. A sa leda a ƙasa saboda damshi. A sa wata ledar a bisa saboda shi. Yaya ta fita ta zubar da goron, ta kurkure baki, ta wanke ƙafa. Ta tashi tana cewa ko masallacin Juma'a ba a yi mata wannan bincike ba.

Ni na hau turmi na kwance igiyar, Yaya ta tare daga ƙasa, nauyinsa ya kusa danne ta. Da muka warware, ƙamshin kafur ya cika ɗakin, muka yi ta atishawa mu uku. A raina na so a ce gara ta ɗan taɓa shi, ko asu ya yi masa huda guda, don in samu abin faɗi. Ina! Jan nan yana nan kamar jiya aka rina shi, furannin kamar a tsinka. Mutumin da ko juyawa ba ya iya yi sai ga shi ya ɗaga kai yana murmushi.

"Kun gani?"

Yaya ta ce, "Mun gani. Ya hi ka lahiya."

Muka kama shi muka kwantar a kan ledar. Wanda bai taɓa kwana a kan leda ba, kada ya yi marmari. In ya motsa ta yi ƙara, in ya yi gumi ta manne masa, in ya jingina da matashi ya zame. Ga tapi a ƙarƙashinsa, amma tsakaninsu da katanga, kamar ango da amaryar da ba a ɗaura ba. Yaya takan leƙo ta ce, "Sannu, kihin kasuwa, an naɗe ka ko da saura?" Ya yi 'yan kwanaki a haka, da taurin kan da na sani tun ina amarya.

Wata safiya ina tankaɗen gari a ƙofar ɗaki, ya kira ni da muryar da sai na matso na ji.

"Ke, janye ledar ga."

Ban tambaye shi ko ya tabbata ba, kada ya sake shawara. Ni da Yaya muka mirgina shi gefe guda, muka zare ta, muka mai da shi. Ya sa kuncinsa a kan tapin. Ya buɗe tafin hannu yana shafawa a hankali, gaba da baya, kamar mai lallashin yaro.

Ya ce, "Ashe haka yake."

Na ce, "Yaya yake?"

"Laushi." Sannan ya ƙara da cewa, "Balaraben da ya saida mini bai bar ni na taka ba. Da ɗan yatsa na taɓa."

Na koma wurin garina. Rariyar ba ta buƙatar komai, amma na daɗe a kanta.

Da azahar na kawo masa kunu. Ya ce shi zai riƙe ludayin da kansa. Hannu ya yi rawa, ludayi ya kife, kunu ya malale a kan furen da ke kusa da kansa. Na daskare da ƙwarya a hannu. Shekara da shekaru ana tsoron wannan lokaci, ga shi ya zo, kuma mai dokar ne ya karya ta.

Ya dubi wurin, ya ce, "Kar ki murza. Kwashe da cokali tukuna. Ki danna da tsumma, daga baki zuwa ciki. Ruwan sanyi, ba na zahi ba."

Yaya ta ce, "Ku ji mini. Mutum na shirin tahiya, yana ba da karatu."

Na bi yadda ya ce, kuma kusan duka ya fita, sai wani ɗan fari-fari da ya ƙi. Na ɗauko sabulu zan ƙara. Ya riƙe mini hannu.

"Bar shi hakanan. Ai ni na zubda."

Ɗarin shekarar bai ƙare da shi ba. A kan tapin ya cika, da safe, hannunsa a buɗe a kansa. Ba zan faɗi fiye da haka ba.

Abin da Yaya ta faɗa kuwa bai saɓa ba. Ina cikin ɗaki na shiga takaba, maza suka zo suka ɗauki tapin, don ba a zaunar da masu gaisuwa a ƙasa alhali gidan yana da shimfiɗa. Suka kai shi ƙofar gida, rabi a inuwar dogon yaro, rabi a rana tsaka. Aka zauna, aka miƙe ƙafa, aka ci goro, aka dafa shayi. Kafin a tashi makoki garwashi ya faɗo daga kaskon mai shayi, ya huda shi. Maƙwabcinmu ya zo bakin ƙofa ya tsaya bayan labule don ya gaya mini, muryarsa tana rawa fiye da ranar da ya yi mini ta'aziyya. Duk unguwa an san matsayin tapin nan. Na ce masa ya je ya sha shayinsa, mai faɗan ba ya nan. Yaya da ke gefena ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, na riƙe ta.

Yau tapin yana shimfiɗe a ɗakina. Ban yi watsi da karatun maigidana ba, don karatun gaskiya ne. Ba a hawa da takalmi. Kaskon wuta ba ya matsowa kusa. Da damina nakan ɗaga shi in duba ƙarƙashi saboda gara, in kakkaɓe shi a inuwa, ta baya. In abu ya zube, ba na murzawa. Amma jikokina a kansa suke birgima, baƙona a kansa yake zama, ni ma a kansa nake miƙe bayana da ya fara yi mini irin nasa.

Abin da na koya ba mai zurfi ba ne, ni ba mai dogon karatu ba ce. Ana tsare kaya ne don ya daɗe yana yi wa mutum aiki. Maigidana ya tsare tapinsa daga rana, da gara, da asu, da kusu, duk ya ci nasara a kansu, sai ya haɗa har da kansa a cikin waɗanda ya hana. Duk mai wani abu a rataye yana jiran ranar da ta isa, ya sauko da shi ya zauna a kai tun yana iya zama da kansa. In ya ƙi, ba a rasa masu zama ba, kuma su ba za su wanke ƙafa ba.